Doka A Takarda, Mutum A Titi: Tarken Littafin K. Sello Duiker

A wannan fitowa ta mujallarmu za mu tsallake iyaka, mu leƙa ƙasar Afirka ta Kudu, domin mu duba wani ƙagaggen labari da aka rubuta da Ingilishi mai suna The Quiet Violence of Dreams, wanda marigayi K. Sello Duiker ya wallafa, kamfanin Kwela kuma ya buga a shekarar 2001. In za a juya sunan zuwa Hausa ana iya cewa "ta'asar da mafarki ke yi cikin shiru". Littafi ne mai kauri, ya haura shafi 400, kuma jigonsa yana daga cikin waɗanda marubutanmu kan kauce musu, watau rayuwar namijin da ke neman ɗan'uwansa namiji, a ƙasar da doka ta daina hukunta shi a kan haka.

Gara mu share fage tun da wuri. Mun san matsayin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo, mun kuma san dokar da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Haka nan kuma mu da muke koyarwa a sakandare ba za mu ɗora wannan littafi a hannun ɗalibi ba, domin akwai wuraren da marubucin ya yi magana tsirara. To amma mai tarke aikinsa daban ne. Abin da yake tambaya shi ne, shin marubuci ya faɗi gaskiya game da mutanen da ya ƙaga da ƙasar da ya ajiye su a ciki? Ta wannan fuska littafin Duiker yana da abin da zai koya wa duk mai son riƙe alƙalami, ko da kuwa har abada ba zai taɓa irin wannan jigo ba. Abin da ya iya, wanda da yawanmu ba mu iya ba, shi ne nuna tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ba mutum a takarda da abin da yake tararwa idan ya fito titi.

Sai mai karatu ya san takardar kafin ya gane tazarar. A zamanin mulkin wariyar launin fata, luwaɗi laifi ne a Afirka ta Kudu. Daga cikin waɗanda suka ja hankalin 'yan gwagwarmaya a kan batun akwai Simon Nkoli, wanda aka gurfanar tare da wasu shugabanni a shari'ar cin amanar ƙasa ta Delmas, ya kuma bayyana wa abokan ɗaurinsa halinsa suna tsare. Bayan ya fito, yana cikin waɗanda suka shirya jerin gwanon farko na masu neman jinsinsu a Johannesburg a watan Oktoban 1990. Da aka zo rubuta tsarin mulkin 1996, sai sashe na 9 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa, kuma Afirka ta Kudu ce ƙasar farko a duniya da ta rubuta haka a tsarin mulkinta. A watan Oktoban 1998 Kotun Tsarin Mulki ta soke laifin luwaɗi. A watan Disamban 1999 kotun ta ce baƙon da ke zaman dindindin da ɗan ƙasa mai jinsi irin nasa yana da damar neman izinin zama kamar yadda matar aure ko mijin aure ke da ita. A 2002 aka ba su damar riƙon yaro tare. A ranar 1 ga Disamban 2005, a shari'ar da aka fi sani da sunan Fourie, kotun ta ba majalisa shekara guda ta gyara dokar aure, majalisar kuwa ta amince da ƙuri'a 230, masu adawa 41, dokar ta fara aiki a ƙarshen Nuwamban 2006. Ita ce ƙasa ta biyar a duniya, ta farko a Afirka.

Duiker ya rubuta littafinsa ne a tsakiyar wannan jerin shekaru, bayan an soke laifin, kafin a zo kan aure. An haife shi a Soweto a 1974, ya yi karatun aikin jarida a Jami'ar Rhodes, ya kuma zauna a Cape Town. Littafinsa na farko, Thirteen Cents, wanda ya fito a 2000, labarin wani yaro ne mai kwana a titunan wannan birni, ya kuma ci kyautar marubutan ƙasashen renon Ingila ta littafin farko a ɓangaren Afirka. Wannan na biyu ya ci kyautar Herman Charles Bosman. A watan Janairun 2005 Duiker ya kashe kansa yana da shekara 30, bayan ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Ke nan bai ga hukuncin Fourie ba.

Tauraron labarin sunansa Tshepo, saurayi ne baƙar fata mai ilimi, wanda muka fara haɗuwa da shi ana kai shi asibitin masu taɓin hankali na Valkenberg, likitoci suna cewa tabar wiwi ce ta juya masa kai. Sannu a hankali sai mu gane ruwa ba ya tsami banza. Tun yana ɗan shekara goma sha wani abu wasu mutane suka faɗa gidansu, suka yi wa mahaifiyarsa fyaɗe suka kashe ta, shi ma suka keta masa haddi, kuma akwai hannun mahaifinsa a cikin lamarin. Da ya fito asibiti ya sami aikin kai wa baƙi abinci, ya kama ɗakin haya tare da wani tsohon fursuna mai suna Chris. Wannan zama ya ƙare da mugun abu, domin Chris da abokansa sun yi masa fyaɗe, ga aikin ya kuɓuce. Da yunwa ta kai masa karo sai ya shiga aiki a wani gidan tausa mai suna Steamy Windows, inda maza ke sayar da kansu ga maza, ya ɗauki sunan Angelo. A nan ne ya yarda da abin da zuciyarsa ke so. A ƙarshe ya bar Cape Town ya koma Johannesburg, unguwar Hillbrow, yana aiki a gidan renon yara.

Zubin littafin shi ne abin da ya fara burge mu. Ba baki ɗaya ke ba da labarin ba. Kowane babi yana ɗauke da sunan wanda zai yi magana a cikinsa, yau Tshepo, gobe ƙawarsa Mmabatho, jibi Zebron abokin jinyarsa, gata Chris. Alfanun wannan dabara shi ne marubucin bai tsaya a tsakiya da sanda yana nuna mana nagari da mugu ba. Chris azzalumi ne, babu tantama, amma da aka ba shi baki sai muka ji yadda kurkuku ta dafa shi, da yadda yake jin haushin Tshepo saboda shi ya yi makaranta, ya iya Turanci, yana da uwar da ta taɓa sonsa. Ba mu yafe masa ba, amma mun san daga inda muguntar ta ɓullo. Marubutanmu matasa su lura da wannan. Sau da yawa mugu a littattafanmu mugu ne kawai tun daga shafin farko, kishiya ce ko ɗan shaye-shaye, ba shi da jiya, ba shi da dalili, an ƙago shi ne don a hukunta shi a babin ƙarshe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu kuwa shi ne, duk da cewa an rubuta littafin a lokacin da kotuna ke ta yanke waɗancan manyan hukunce-hukunce, kotu da majalisa ba su da wani gurbi a tsarin labarin. Ba lauya ne tauraro ba, ba ɗan gwagwarmaya ba ne, babu babin da aka shiga kotu aka fito ana murna. Wani zai ce wannan giɓi ne. Mu a ganinmu nan ne hikimar take. Tshepo yana da cikakken 'yanci a takarda, babu ɗan sandan da zai kama shi saboda wanda ya kwana da shi. To amma da Chris ya zalunce shi, wannan 'yanci bai biya masa kuɗin haya ba, bai mayar masa da aikinsa ba, bai ba shi wurin da zai kai kuka a saurare shi ba tare da dariya ba. Wurin da ya fara samun waɗanda suka karɓe shi hannu biyu shi ne gidan karuwai, sana'ar da ita kanta dokar ƙasar ta haramta. Marubucin bai fito ya ce mana doka ba ta wadatar ba. Ya bar mu ne mu bi saurayin unguwa-unguwa har mu gani da idonmu, gani kuwa ya kori ji.

Babin gidan tausar ya cancanci a daɗe a kansa. Da Tshepo ya shiga, abokan aikinsa suka nuna masa cewa su 'yan'uwa ne, babu baƙi babu fari, har suna kamanta kansu da wata ƙungiyar masu zane ta Ingila ta ƙarni na 19. Ya yarda, domin mai jin ƙishirwa ba ya tsayawa duba launin ƙwarya. Abotarsa da West, wani saurayi Bature ɗan ƙabilar Afrikana, tana daga cikin wurare masu taushi a littafin, kuma an rubuta ta ba tare da ƙawa ba. Ana nan sai wata rana mai gidan, Shaun, cikin hira, ya saki kalmar nan "kaffir" a gabansa. Mai karatu Bahaushe zai gane asalinta, daga "kafiri" ta Larabci take, amma a can ta rikiɗe ta zama zagi mafi muni da Bature kan yi wa baƙar fata, wanda a yau yakan kai mutum gaban alƙali. Kalma guda ce, ta kuwa rushe ginin da aka yi babi da babi ana yi. Daga baya a wata mashaya ta masu neman jinsinsu ya sake cin karo da wulaƙanci saboda fatarsa, ya gane cewa waɗanda ya ɗauka 'yan'uwa ne, launinsu na gaba, sauran abubuwa na biye. Wannan ita ce gaskiya mai ɗaci da littafin ya faɗa wa ɓangarorin biyu. Bai yi wa masu ƙyamar Tshepo daɗi ba, bai kuma yi wa masu cewa nasu ne daɗi ba.

Daga nan ne batun tafiye-tafiye ya shigo, ko da yake marubucin bai sa masa suna ba. Cape Town birni ne da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa cikinsa, kuma an daɗe ana tallata shi a matsayin wurin da masu neman jinsinsu daga Turai da Amurka za su sake, musamman unguwar De Waterkant da ke kusa da bakin teku. Wannan talla ba ƙarya ba ce. Baƙon da ya sauka da fasfo mai ƙarfi da kuɗi a aljihu zai kama ɗaki a otal shi da abokinsa, babu mai ɗaga masa gira. Duiker sai ya juya hoton, ya nuna mana birnin ta idon wanda ke kai wa baƙon abinci da rana, yana yi masa tausa da dare. Masu zuwa Steamy Windows galibinsu fararen fata ne masu hali. Su suna shigowa su fita, shi kuwa Tshepo ko tafiya daga Sea Point zuwa unguwannin baƙaƙe na bayan gari kamar ƙetare iyakar ƙasa ce a gare shi. Birni ɗaya ne, doka ɗaya ce, amma wane ne zai yi yawo a cikinsa hankali kwance, aljihu da fata ne ke yanke wannan hukunci.

Akwai kuma wani irin matafiyi da ba ya cikin tallar. Dokar 'yan gudun hijira ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta amince mutum ya nemi mafaka idan ana tsangwamarsa a ƙasarsu saboda jinsin da yake sha'awa, kuma mutane daga wasu ƙasashen Afirka sun bi wannan hanya. To amma a 2012 hukuma ta rufe ofishin karɓar sababbin masu neman mafaka na Cape Town, aka shafe shekaru ana shari'a a kan a sake buɗe shi. Wannan ya faru bayan littafin, amma littafin ya riga ya shinshino iskar. Mmabatho, wadda ta fi kowa tsayawa kan 'yancin mace, wadda kuma saurayinta Bajamushe ne, ita ce ke yatsina fuska idan ta ga baƙi 'yan Afirka a gari. Bature baƙo ne da ake maraba da shi, ɗan Afirka kuwa kaya ne. Da marubucin ya ɗora wannan hali a kan wani jahili ko ɗan daba da mun wuce ba mu waiwaya ba. Da ya ɗora shi a kan wayayyiya, aminiyar tauraro, sai abin ya tsaya mana a maƙogwaro.

Littafin yana da aibu, wasu ma manya. Na farko tsawo. Akwai wani abokin aikin Tshepo mai suna Sebastian, wanda in ya buɗe baki sai ya cinye shafuka yana bayanin wai masu neman jinsinsu wasu zaɓaɓɓu ne da za su kawo wa duniya sabon zamani. A nan labari yakan tsaya cik, huɗuba ta hau mumbari. Mun saba kukan cewa marubutanmu suna dakatar da labari su yi wa'azi, to ga shi a wani gefen daban, kuma gajiyar iri ɗaya ce. Wasu manazarta suna ganin da gangan aka yi, wai an kumbura maganar Sebastian ne domin kalmar Shaun ta fasa ta. Ko da haka ne, rubu'in abin da aka rubuta ya isa.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Sau biyu aka keta wa Tshepo haddi kafin ya yarda da halinsa, kuma yana cikin ciwon hauka tun farkon labari. Mai karatun da bai natsu ba zai rufe littafin yana cewa fyaɗe da hauka ne suka mai da shi haka. Ba mu jin abin da Duiker ke nufi ke nan, domin akwai alamun sha'awar tun kafin ta'asar Chris, amma ya ɗaure zaren uku wuri ɗaya har ba a iya warware su, marubuci kuwa yana da alhakin fassarar da tsarin labarinsa ya sauƙaƙa.

Sa'an nan ga batun mata. Cikin manyan taurarin babu 'yar maɗigo, alhali kuwa a shekarun da suka biyo baya su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan tazara da muke magana a kai. A watan Fabrairun 2006, wata biyu da ɗoriya bayan hukuncin Fourie, wasu samari suka kashe Zoliswa Nkonyana, 'yar shekara 19, a unguwar Khayelitsha ta Cape Town, kuma sai a 2012 aka yanke wa mutum huɗu ɗaurin shekara 18 kowannensu, bayan ɗage shari'ar da aka yi ta yi. A watan Afrilun 2008 aka yi wa Eudy Simelane, wadda ta taɓa buga wa ƙasar ƙwallon ƙafa, fyaɗe aka kashe ta a KwaThema. Ba za a zargi marubuci da rashin rubuta abin da ya faru bayan mutuwarsa ba. Amma littafin da ya ba mutane da dama baki, har da azzalumai, da ya ba irin waɗannan mata babi guda, da hoton unguwannin bayan gari ya fi cika. Kamar yadda yake, mun san Cape Town ta bakin teku ciki da bai, ta bayan gari kuwa daga nesa muke hango ta, kuma mafi yawa a lokacin da hankalin Tshepo ya gushe.

Wani bincike da gidauniyar The Other Foundation ta fitar a 2016 tare da hukumar binciken zamantakewa ta ƙasar ya nuna kashi 51 cikin 100 na mutanen Afirka ta Kudu sun yarda a ba masu neman jinsinsu haƙƙi daidai da kowa, amma kashi 72 suna ganin aikin kansa ba daidai ba ne. Watau akwai ɗimbin mutanen da ke riƙe da ra'ayoyin nan biyu a zuciya ɗaya. Irin wannan mutum, mai cewa kada a taɓa shi amma kada ya zauna kusa da ni, shi ne mafi wuyar ƙagawa a labari, kuma Duiker ya fi kusantar kama shi a jikin Mmabatho fiye da kowane tauraro. Haka kuma a 2018, da fim ɗin Inxeba ya haɗa wannan jigo da al'adar kaciyar Xhosa, sarakunan gargajiya suka kai ƙara, kwamitin ɗaukaka ƙara na hukumar tace fina-finai ya sa shi a ajin fina-finan batsa, sai da babbar kotu ta soke matakin. Shekara 22 ke nan bayan tsarin mulkin.

Ƙarshen littafin ne ya fi raba kan masu karatu, mu ma bai gamsar da mu ba. Bayan mutuwar mahaifinsa Tshepo ya sake shiga wani hali tsakanin hauka da wahayi, harshen labarin ya cika da alamomi da gumakan Misira ta dā, har mai karatu ya rasa inda ƙafarsa take. Da ƙura ta lafa sai ga shi a Hillbrow, cikin baƙi daga sassan Afirka, yana kula da yara, yana jin a karon farko ya iso gida. Mun fahimci abin da marubucin ke nema. Yana so ya ce maganin ƙyamar da Cape Town ta nuna wa Tshepo yana wurin waɗanda su ma ake ƙyama. To amma bayan shafi ɗari huɗu na nuna mana cewa kowace 'yan'uwantaka tana da tsaga, wannan ta ƙarshe an miƙo mana ita ba a gwada ta ba, babu wani Shaun da aka bari ya buɗe baki a cikinta. Abokinsa Phaswane Mpe, wanda ya fitar da Welcome to Our Hillbrow a wannan shekara ta 2001, ya zana unguwar da duhun da ya fi haka, da ƙanjamau da ƙyamar baƙi a cikinta. A watan Mayun 2008, shekara bakwai bayan fitowar littattafan biyu, rikicin korar baƙi ya ɓarke daga unguwar Alexandra ta Johannesburg ya bazu zuwa wasu garuruwa har da Cape Town, aka kashe mutum 62.